Ranar Waliyyi George a Birmingham

Yau 23 ga Afrilu, ranar Waliyyi George, wanda Ingila ta riƙa a matsayin majiɓincinta tun zamanin Sarki Edward na Uku a ƙarni na 14. Duk da haka, wanda ya bi titunan Birmingham da safiyar nan ba zai ga alamar biki ba, domin bankuna da makarantu duk a buɗe suke, kowa kuma ya nufi wurin aikinsa. Tutar Ingila, fara mai jan gicciye, a ƙofar wata mashaya kawai na gan ta. A watan Maris kuwa, in 'yan Ireland suka fito bikin Waliyyi Patrick, kore kake gani ta ko'ina.

Lokacin cin abincin rana na tambayi wata abokiyar aikina, dattijuwa haifaffiyar garin nan, dalilin da ya sa ba su damu da ranar ba. Ta ce tana son ƙasarta ƙwarai, amma ba za ta rataya tutar a tagarta ba, don kada maƙwabtanta 'yan asalin Pakistan su ɗauka cewa korarsu take yi. Maganar ta tsaya mini a rai, domin tsoron nata yana da tushe. Ƙungiyoyin ƙyamar baƙi, irin su English Defence League da aka kafa a 2009, sun daɗe suna yawo da wannan tuta a zanga-zangarsu, har ta kai mutumin kirki ba ya sakin jiki ya ɗaga ta sai lokacin gasar ƙwallon ƙafa. Ni kaina, baƙar fata kuma Musulmi, idan na shiga layin da tutocin suka yi yawa, nakan ƙara sauri.

Sai dai ina ganin matsalar ta girmi waɗannan ƙungiyoyi. Turawan Ingila sun shafe ƙarnoni suna kallon Ingila da Birtaniya, wato tarayyar da a yau ta haɗa Ingila da Scotland da Wales da Ireland ta Arewa, a matsayin abu ɗaya, tun da su ne masu rinjaye a tarayyar, saboda haka ba su taɓa jin buƙatar tsare wata al'ada ta kansu ba kamar yadda ƙananan maƙwabtansu suka yi. A 1999 Scotland da Wales suka samu majalisunsu, Ingila kuwa har yau ba ta da tata. A 2007 dokar Scotland ta saka ranar Waliyyi Andrew, 30 ga Nuwamba, cikin ranakun hutu. Jam'iyyar Labour ta yi alkawarin mayar da ranakun waliyyai huɗu na Birtaniya hutu a zaɓen 2017, amma ba ta ci zaɓen ba, maganar ta kwanta.

Bayan Magariba ƙaramar 'yata ta nuna mini zanen da suka yi a makaranta, na Waliyyi George a kan doki yana soke dodo da mashi, ta ce, "Baba, shi wannan mutumin ɗan wane gari ne a Ingila?" Na gaya mata cewa bai taɓa taka ƙasar nan ba. Bisa abin da aka ruwaito, sojan Daular Rum ne, mahaifinsa ɗan Kafadokiya a Turkiyya ta yau, mahaifiyarsa 'yar Falasɗinu, kuma an kashe shi wajen shekara ta 303 saboda ya ƙi barin addininsa na Kirista. Habasha da Jojiya ma suna girmama shi, kuma a ƙauyen Al-Khader kusa da Baitalami, Musulmi da Kirista duk suna ziyartar wurin da aka keɓe da sunansa.

Yarinyar nan a asibitin garin nan aka haife ta, da harshen mutanen garin take magana, kuma tawagar Ingila take goya wa baya. Ba na so ta girma tana tsoron tutar ƙasar da aka haife ta. Shi ya sa nake goyon bayan a mayar da ranar hutu, a yi bikin a filayen unguwa da rana tsaka, yadda abokiyar aikina za ta fito da tutarta tare da maƙwabtan nata. Gobe zan rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarmu takarda a kan haka.