Takunkumin da Bai Haɗa da Man Fetur Ba

Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe da aka kafa a 1920 ba ta da soja ko ɗaya, kuma Amurka ba ta shiga ba. Majalisar ƙungiyar ba ta yanke hukunci sai kowa ya yarda.

Da Italiya ta auka wa Habasha a Oktoban 1935, ƙungiyar ta sa wa Italiya takunkumi: babu makamai, babu bashi. Amma aka bar man fetur, wanda da shi jiragenta da tankokinta suke tafiya. Ingila ba ta rufe mashigin Suwez ba, ta nan sojojin Musolini, shugaban Italiya, suke wucewa. Ita da Faransa suna lallashinsa kada ya koma wajen Hitila. Wannan ganganci ne. Adis Ababa ta faɗi a Mayun 1936, aka ɗage takunkumin a Yuli.