Kafin Burushi Ya Taɓa Bango

Duk wanda ya saba zaga makarantun firamare da asibitoci da shagunan bakin titi a garuruwanmu ya ga irin wannan: zane mai kyau, da gani hannun gwani ne, amma bai ci damina biyu ba ya fara saɓa kamar maciji. Ja ya koma ruwan hoda, gindin bangon ya yi fari fat da gishiri, fenti yana ɓallewa falle-falle. Mai wucewa sai ya ce mai zanen bai iya ba. Galibi ya iya zane sarai. Bangon ne bai duba ba, kuma kuɗin da ya karɓa bai isa a gyara bangon ba ko da ya duba.

Maginanmu na da ba sa raba ado da gini. A tsohon birnin Zariya, inda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19, da cikin ƙwaryar Kano, da unguwar Birni ta Damagaram, zanen da ke fuskar zaure a jikin yaɓen yake. Tun yaɓen yana ɗanye magini ke fitar da dagi da takobi da sauran ƙulle-ƙulle da hannunsa, daga baya har keke da mota da agogo suka shigo. Sannan a rufe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wato katsin marina da gashin jima da dafara, don ruwa ya zame ya wuce. Bayan 'yan shekaru a sake shafawa. Mai zanen yau a kan bulo da siminti yake aiki, da fentin kanti, amma abokan gabarsa ba su canza ba: ruwa, rana da ƙura.

Don haka ranar farko ba ranar zane ba ce. Ka je da tef na awo, da leda, da salatif, da ɗan ƙaramin guduma, da auduga da sifirit. Tambayar farko ita ce yaushe aka yi filastar. Sabon siminti yana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin a ɗora masa fenti, domin yana da kaifi irin na kanwa, wanda ke cin launi ya bar dabbare-dabbare. Mai gida zai matsa maka, musamman idan an sa ranar buɗe wuri, amma in ka biye masa sunanka ne zai ɓaci, ba nasa ba.

Sai gwajin danshi. Ka yanki leda kamar rabin mita kowane gefe, ka manna ta a bangon, ka like gefunan huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta ta kwana. Idan da safe ka tarar da raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, akwai ruwa a bangon, kuma sai ka gano ta inda yake shiga: indararo ne ke zuba a jikinsa, ko bayan bangon banɗaki ne, ko kwata ce ke bin gindinsa, ko kuwa saman katangar ne ba a yi masa hula ba, ruwa na tsatsafowa ta cikin bulo. Ruwan nan shi ke kwaso gishiri daga cikin siminti da ƙasa, ya fito da shi waje ya ture fenti. Ana kankare gishirin da busasshen burushi mai ƙarfi. Wanke shi da ruwa mayar da shi ciki ne kawai.

Ka bi bangon da guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali. Inda ka ji ya amsa kamar ganga, filasta ta rabu da bulo, dole a fasa a sake. An fi samun haka a gidajen ƙasa da aka lulluɓe da siminti, don ƙasa da siminti ba sa riƙe juna, kuma simintin yana hana ƙasar fitar da danshinta. Irin wannan bango, a ganina, gara a nemi maginin gargajiya a yi aikin tare. Ƙananan tsagu kuwa a ɗan buɗe bakinsu da wuƙar kankara, a kakkaɓe, a cike, a goge da samfefa. Tsaga mai faɗin yatsa da ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa ba aikin mai fenti ba ce, matsalar tushe ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma ta nan yake bi.

Idan da tsohon fenti, ka shafa tafin hannu. In ya fito da gari kamar alli, sai an wanke an bar shi ya bushe. Ka jiƙa auduga da sifirit ka murza: in launi ya biyo ta, fenti mai ruwa ne, in bai biyo ba, mai mai ne. Fenti mai ruwa ba ya kama mai mai sai an gurje ƙyallinsa da samfefa an sa firama, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama bango. Wajen gurzawar a rufe hanci da baki, saboda wasu fentin mai, musamman ja da rawaya, suna ɗauke da dalma. Wannan ne ma dalilin da ya sa bai kamata a yi wa ajin yara zane da fentin mai ba, komai kyan ƙyallinsa.

Lissafin kaya ba wuya. A ɗauki katanga mai tsawon mita 12 da tsayin mita 3, murabba'in mita 36 ke nan. Lita ɗaya ta firama a kan filasta mai santsi tana cin kamar murabba'in mita 8, don haka lita 5 za ta isa shafi ɗaya. Fentin shimfiɗa shafi biyu ne, lita ɗaya tana cin kamar murabba'in mita 10, ka ga galan biyu masu lita huɗu-huɗu. Idan bangon mai kaushi ne, ninka lissafin, don ramukan suna shan fenti kamar rairayi. A kan duk abin da ya fito ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari saboda zubewa da gyara. Ka sayi fentin da aka rubuta na waje ne, akirilik in da hali. Kada ruwan da za ka tsinka shi da shi ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Masu zuba ruwa rabi da rabi don bokiti ya yi auki, su ne ruwan farko ke wanke musu aiki. Araha ba ta ado.

Launi ma ba duka ke jure ranarmu ba. Masu asalin ƙasa, wato jan ƙasa, ruwan ƙasa, rawaya mai duhu, da baƙi da fari, su ne ke daɗewa. Ja mai haske da ruwan hoda da shunayya su ne ke fara kodewa, masu walƙiyar nan kuwa 'yan watanni ne. Bangon da ke kallon yamma ya fi shan zafin rana, wanda ke kallon gabas kuma shi hadari ke duka, tunda daga can yake taso mana. Idan babu makawa sai an sa ja mai haske, a sa shi kaɗan, a inda za a iya sabunta shi da tsani ɗaya. Kuma duk launin da ka haɗa da hannunka, haɗa wanda zai ishe ka gaba ɗaya, don da wuya ka sake dacewa da shi daidai. Fenti mai ruwa yana ƙara duhu in ya bushe, saboda haka a gwada a gefe a jira.

Ɗora zane daga takarda zuwa bango da gidajen dara ake yi. Katangar nan mai mita 12 da 3, ka zana ta a takarda mai santimita 60 da 15, ka raba ta gida-gida, kowane gida santimita biyu da rabi. A bango kowane gida zai zama rabin mita: gida 24 a kwance, 6 a tsaye. Ka shafa wa igiya alli, mutum biyu su ja ta ta miƙe, na uku ya ɗaga tsakiya ya saki, layi ya fito. Layin farko a daidaita shi da ma'aunin ruwa na magina, kada a bi ƙasa, don ƙasa ba ta taɓa zama daidai. Kada a ja layi da alƙalamin maka ko biro, tawadarsu tana hudo fenti ko shafi nawa aka yi. A fara daga sama zuwa ƙasa, manyan filaye da rola, sannan ƙanana, baƙin layi a ƙarshe. Santimita 60 na gindin bango a bar shi da launi ɗaya mai duhu, don nan ne ruwa ke fantsama, awaki ke goga jiki, yara ke jingina.

Idan da rubutu, girman harafi da nisan mai karatu ake auna shi: kowace mita uku ta nisa, santimita biyu da rabi na tsayi. Wanda zai karanta daga mita 30 yana buƙatar harafi mai santimita 25. Ka ba wanda ya iya ƙa'idar rubutu ya duba kafin ka hau tsani, ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ su zauna a wurarensu. Ba ƙaramin abin kunya ba ne bangon makaranta ya rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa da 'yan makonni, kafin hunturu ya kankama. Da hunturu ƙura na mannewa a ɗanyen fenti, da bazara kuma bango yana zafin da fenti ke bushewa a bakin burushi kafin ya kama. In dole ne a lokacin, a fara da asuba, a tashi da hantsi, a dawo bayan la'asar, ana bin inuwa. Tsakanin shafi da shafi a ba fenti mai ruwa awa biyu zuwa huɗu, mai mai kuwa sai ya kwana. Duk abin da ya wuce tsayin mutum biyu, a kafa gadon katako ko na ƙarfe irin na magina, kuma kafin a kafa shi a ɗaga kai a duba wayar lantarki.

Bangon titi na mutanen unguwa ne ko da mutum ɗaya ya biya. Izinin mai gida a rubuce shi ne farko, sai a gaida mai unguwa a nuna masa zanen a takarda. In wurin gwamnati ne ko bakin babban titi, akwai hukumomin tsara birane, irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, kuma zanen da ke ɗauke da sunan kamfani talla ake ɗaukarsa. A unguwanni da yawa hoton abu mai rai ba zai samu karɓuwa ba, kuma wannan bai rage wa mai zane komai ba: akwai dagi, akwai aska takwas da tambari na wuyan riga, akwai zayyanar da mahaddata ke yi wa allo, akwai adon ƙwarya da faifai. Ayar Alƙur'ani kuwa kada a yarda a rubuta ta a katangar waje inda ake tsugunawa ko liƙa fasta. Muhallinta cikin gini ne, a sama.

Sai batun kuɗi, inda mafi yawan masu hannu ke faɗuwa. Kada ka yanke farashi a tsaye a gaban bango. Ka koma ka rubuta: gyaran bango, fenti, burushi da rola, hayar gado, kuɗin mota, ladan yara da abincinsu na kowace rana, kwanakin da ka ɓata kana tsara zanen, sannan ladan hannunka. Ka raba jimlar da murabba'in mita, bayan aiki uku ko huɗu za ka san farashinka na mita, ɗaya na zane mai sauƙi, ɗaya na mai ƙananan aiki. Kafin alƙalami ya zama ya rufe kuɗin kaya gaba ɗaya, wajen kashi 60, sai kashi 30 idan an kai rabi, ciko ranar miƙawa. Tunda farashin fenti ba ya zama wuri ɗaya, ka rubuta cewa lissafin na mako biyu ne. Aikin siyasa da na biki a karɓi kuɗinsu kafin ranar, don bayan taro ba a cika samun mai ɗaga waya ba.

Takardar yarjejeniya shafi ɗaya ta wadatar: girman bango, hoton zanen da aka amince da shi da sa hannun mai aiki a jikinsa, sau nawa za a iya canza shi kyauta (sau biyu ya isa, kuma a takarda, ba a bango ba), wa zai kawo ruwa da wurin ajiye kaya, da wanda ke da ikon buga zanen a riga ko kalanda. Makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyi da ma'aikatu sun fi son biyan wanda ya yi rajistar sunan sana'arsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana da lambar haraji da asusun banki da sunan. Rashin waɗannan ne ke sa ɗan kwangila ya karɓi aikin, ya ba mai zane abin da ya ga dama.

Zanen bango kaɗai ba ya riƙe gida duk shekara. Injin buga allon talla na leda ya kwashe kasuwar masu rubuta allon shago, don haka wanda ya koyi CorelDraw, manhajar zane a kwamfuta, ya riƙe kwastomansa ta fuska biyu, kuma yana iya nuna wa mai gida zanen a kan hoton bangonsa kafin a sayi fenti. Da damina sai a koma ayyukan cikin ɗaki: azuzuwa, wuraren cin abinci, ɗakunan taro, rubutun masallaci, zanen kyalle na sayarwa. Wanda ya fito daga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da wanda ya tashi a shagon ubangidansa duk a nan suke haɗuwa, kuma mai ba da aiki hoton aikin baya yake tambaya kafin takardar shaida.

Hoton nan a ɗauke shi da muhimmanci. A ɗauki bangon kafin a taɓa shi, da lokacin aiki, da bayan an gama, da sassafe ko da yamma, mutum ɗaya a tsaye a gefe don a ga girmansa. Aikin titi ba ya hannun wanda ya yi shi: ginin adon shataletalen gidan gwamnatin Kano, wanda aka yi don cikar jihar shekara 50, an rushe shi a watan Yunin 2023. Ka sa hannu da lambar waya a kusurwa, ƙarami, da yardar mai bango.

Ragowar kowane launi ka zuba a ƙaramin gwangwani mai murfi, ka ɗiga ɗan launin a kan murfin, ka rubuta sunan wurin da yadda ka haɗa shi. Bayan damina ta farko ka koma da su da burushi biyu, ka duba gindin bango da ƙarƙashin indararo da gefen da ke kallon gabas, ka taɓa inda ya ɓalle tun yana kamar tafin hannu. Kuɗin wannan zuwan ka sa shi cikin lissafi tun farko.