Yadda Na Lalata Dodon Gongola da Hannuna

Wata bakwai ke nan da faruwar abin, amma har yau idan na bi ta gaban shagon da ake manna wa takardu leda sai gabana ya faɗi. Mai shagon ba shi da laifi, domin abin da na ce ya yi shi ya yi. Ni ne na ɗauki mafi kyawun zanen da kawuna ya taɓa yi, na miƙa masa da hannuna.

Kawu bai taɓa shiga ajin koyon zane ba. Almajiri ne da ya ƙware a zayyanar allo, daga baya ya koma yi wa manyan motoci ado a nan Gombe, tun muna ƙarƙashin Jihar Bauchi kafin 1996. Direbobi sun san shi da zaki da dawisu a bayan mota, amma ba su san cewa da dare dodanni yake zanawa ba. Takardarsa buhun simintin Ashaka ne, na zamanin da ake zuba siminti a buhun takarda. Yakan ɓare fallen tsakiya wanda siminti bai taɓa ba, ya yanka shi gida biyu. Launukansa kuwa tawadar gawayi da ƙaro, da jar ƙasa, da bula ta wanki, da gangamau. Ya ɓoye su a adaka shekara da shekaru, saboda gudun maganar mutane a kan zanen abu mai rai, da kuma gudun kada a ce yana da iskoki. Da idonsa ya yi rauni ya daina aiki, sai ya ba ni mabuɗin adakar. Na ƙirga zane 41.

Waɗannan ba dodannin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ne. Akwai kura mai fukafukan jemage tana ɗauke da rumbu a baya, akwai maciji wanda kowane haƙarƙarinsa ƙofar gida ce. Kawu ya ce bai ƙaga ko ɗaya ba, ganinsu yake yi a mafarki tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi yana yaro. Wanda ya fi su duka shi ne wanda yake kira Dodon Gongola: kan dorina, ƙahon ɓauna, jikin kada, kuma a kan kowane ɓawo na bayansa akwai fuskar mutum wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, babu biyu masu kama da juna. Idan aka karkata takardar wajen haske sai jikin ya yi ƙyalli kamar yanzu ya fito daga kogi.

Wannan ƙyallin shi ne abin da ban tambaya ba. Na ga gara ta fara cin gefen wasu, na ga damina ta matso, sai na yi tunanin da kowa yake yi game da takardar shaidar makaranta, wato a manne ta cikin leda a huta. Ban yi shawara da kowa ba, har da mai zanen da yake zaune a zaure. Kuma saboda na fi jin tsoron asarar Dodon Gongola, da shi na fara.

Tun takardar ba ta gama fitowa daga injin ba na ji warin kyandir. Ashe Kawu narkakken kyandir yake shafa wa jikin dodon, ya bi shi da baƙin hayaƙin fitila, sa'an nan ya ɗauki allura ya karce fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Kyandir yana narkewa ne a zafin da bai wuce digiri 60 da wani abu ba, injin kuwa yana wuce wannan nesa ba kusa ba, ga kuma matsi. Abin da ya fito shi ne kai da ƙaho lafiya lau, amma jikin ya zama baƙin tabo mai maiƙo tun daga wuya har wutsiya. Fuska ko ɗaya ba ta tsira ba. Na ce a ɓare ledar, da aka ɗaga kusurwa sai ta taho da fatar takardar, dole na ce a bari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban ɗauki hotonsa ba kafin nan. Waya tana aljihuna, aikin bai wuce na minti ɗaya ba, amma na ce sai an gama gyara ya yi kyau. Yanzu babu inda waɗannan fuskoki suke sai a cikin kan wani dattijo da ba ya iya zura zare a allura.

Na kwana biyu kafin na iya kai masa. Ya karɓa ya shafa da yatsunsa kamar yadda ya saba, ya sake shafawa, sa'an nan ya ce, “Ɗana, wannan ai santsi ne kawai. Ina mutanen?” Na ce, “Kawu, a gafarce ni, garin gyara na ɓata.” Ya yi shiru, daga baya ya ce damina uku ya yi yana karce su, kuma fuskokin na mutanen da ya sani ne waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, har da mahaifiyarsa, wato kakata. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

Sai bayan haka na nemi wani malamin zane da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, abin da ya kamata in yi tun farko. Ya daɗe yana duba sauran 40 ɗin, ya tuna mini da Twins Seven-Seven na Osogbo, wanda ya shahara da zanen dodanni da iskokin al'adar Yarabawa, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi a 2005 kafin rasuwarsa a 2011. Ya ce a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1976 domin ayyukan irin mutanen da ba su koyi zane a makaranta ba. Na ji daɗin maganar, amma ta ƙara nuna mini girman abin da na ƙona.

Ƙa'idar da ya ba ni ita ce kada a yi wa zane duk abin da ba za a iya warwarewa ba: ba leda mai zafi, ba salatif, ba fenti mai sheƙi a kai. Yanzu kowane zane yana kwance ne a miƙe tsakanin fararen takardu masu tsabta, cikin durowa da ke nesa da ƙasa da bango saboda gara da danshi, kuma ba na barin rana ta same su domin gangamau yana kodewa. Waɗanda muka sa a gilashi mun bar tazara don kada gilashin ya taɓa launin. Duk wanda ya sami irin wannan aiki a adakar gidansu, ina roƙonsa ya fara ɗaukar hoto gaba da baya, ya tambayi mai shi da me ya yi kowane launi, musamman wurin da yake ƙyalli. Daga cikin 40 ɗin nan, 9 suna da kyandir, kuma da na ci gaba a ranar da duk sun bi Dodon Gongola.

Wanda ya lalace ban jefar da shi ba, yana saman durowar. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan je zaure in kunna waya tana ɗaukar muryarsa, Kawu ya ɗora yatsa a kan ledar daga wuya, yana faɗa mini fuskar wane ce a nan, wace ce a gefenta. Mun kai ɓawo na 63, ba mu ma kai tsakiyar bayan dodon ba.