Daga Ikko: kafin katafila ta iso gonakinku

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na gida. Ina gaida ku daga Agege, da fatan kowa yana lafiya.

Labarin titin Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wanda aka ƙaddamar da aikinsa ta ɓangaren Illela a 2024, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na san ana murna, kuma abin murna ne, domin duk mai sauke albasa ko tumatir a kasuwar Mile 12 ta nan Ikko ya san asarar da mummunar hanya ke jawowa. Amma mu da ke zaune a nan mun ga abin da titi ke yi wa iyaka, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon soke mallaka idan aikin jama'a ya taso. Diyyar da ta tanada ta gini ce da amfanin gona da bishiyoyi, wato wahalar da mutum ya zuba a wurin. Fili tsura kuwa, abin da ke kansa bai wuce kuɗin harajin ƙasa na wannan shekarar ba. Dokar nan ɗaya ce daga Ikko har Kebbi.

Kowa kan diyya yake tsayawa. Ni abin da ya fi damuna shi ne abin da ya rage bayan an biya.

Lokacin da aka gina gadar sama ta Pen Cinema a nan Agege, wadda aka buɗe a watan Maris na 2021, mun ga jan fenti a jikin bangaye, da kibiya mai nuna inda rusau zai tsaya. Akwai wani dattijo, maƙwabcinmu, da aikin faɗaɗa hanya ya cinye gaban gidansa. Shaguna biyu suka tafi, tare da turakun siminti biyu na gaba, waɗanda safiyo, wato ma'aunin filaye, ya kafa da lambobinsu. Ya karɓi abin da aka ba shi, ya ja sabon bango. Takardarsa kuwa tana nan cikin leda a ƙasan akwati, tana cewa ƙafa 60 da 120, alhali filin da ke ƙasa bai kai haka ba. Da Allah Ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, sai magada suka fara awo daga bakin sabuwar kwalbati suka nufi baya, awon ya faɗa cikin tsakar gidan maƙwabci. Mutanen da suka yi shekaru suna sahu ɗaya a masallaci, yau sai ta bakin lauya suke magana. Babu wanda ya yi niyyar cin haƙƙin wani, wallahi. Titi ne ya matsa, takarda ba ta matsa ba.

Nan fa Ikko ce, inda ake da ofishin babban safiyo da ofishin filaye a Alausa, inda mai hankali ba ya biyan omo onile, wato 'yan ƙasa masu sayar da filayen gado, kuɗin fili sai ya kai taswira an duba masa ko wurin yana kan layin wani titi da gwamnati ta shata. Duk da haka, da aka soma titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba a 2024, mutanen yankin Okun-Ajah da ke bakin teku a Ikko sun yi ta kukan cewa an kauce wa layin da aka fitar tun 2006, aka biyo ta kan gidajensu.

To ina ga mu, da iyakar gonarmu ita ce tsamiyar can, da jerin gamba, da abin da dagaci ya riƙe a ka? Katafila ba ta san tsamiyar kaka ba. Rana ɗaya za ta tuge ta, ta share gamban, gona ɗaya ta rabu biyu, rabi gabas da kwalta, rabi yamma. Sannan darajar bakin titi ta tashi, dillalai su zo da igiyarsu, wanda bai taɓa waiwayar gonar ba ya tuna cewa shi ma jika ne.

Don Allah, tun ran gini ran zane. Ku haɗa kuɗi a dangi ku ɗauko safiyo mai rajista, a auna a gaban maƙwabtan iyaka da mai unguwa, kowa ya sa hannu. A rubuta sunayen mata da marayu masu rabo, domin su ake fara mantawa ranar da masu ƙidayar diyya suka zo. Ranar ƙidayar ku tsaya da kanku, a lissafa kowace bishiya, ku ɗauki hoto da waya. In aiki ya wuce, ku sake awo, ku kai sabuwar taswira ofishin filaye a gyara takarda ta dace da abin da ya saura.

Ku isar mini da gaisuwa wurin Baffa, ku ce masa gonar fadama nake nufi a fara da ita, domin ita ce ba ta da ko takardar dagaci.

Wassalam, naku a Agege.