Dogon katako a teburin zarto: wutsiyar ce matsalar

Abin da na lura da shi a aikin katako shi ne, in yankan gicciye, wato yanke katako ta faɗinsa, ya fito a karkace kowa faifan zarto yake zargi. A dogon katako kuwa yawanci ba ruwan faifan, wutsiyar da ke reto a wajen tebur ce ke ɓata komai. Katako mai mita biyu, teburin injin gida kuma ɗan ƙarami, yawancinsa yana iska, nauyinsa na ɗaga kan da ke bakin zarto, kai kuma kana ta dannewa kana turawa, kafin ka gama ya goce kaɗan yadda ido ba ya gani, sai ka ɗora sukwaya, ma'aunin kusurwa, ka ga haske na leƙowa ta ƙarƙashi.

Ɗan ƙarfen turawar nan da ke zuwa da injin, fuskarsa ko tafin hannu ba ta fi ba sosai, ina zai riƙe wannan tsawo? Shi ya sa na koma faranti mai zamewa: filawud ne da sanduna biyu a ƙasa da ke bin kwarmin tebur, da katanga a baya da aka saita a digiri 90 da faifan. Katakon na kwance a kai, ba ya gogar tebur, tare suke tafiya. In ka manna sanfefa a jikin katangar ma ba ya sulɓewa.

Sai a tallafi wutsiyar. Ni dai na fi son benci mai santsi da ya yi daidai da tsayin farantin fiye da abin tallafi mai gargare, don gargaren in bai zauna daidai ba shi ma jan katakon yake gefe. Kuma gefen da zai jingina da katanga dole ya zama miƙaƙƙe, in yana da doro to ko injin ya kai me ba za ka samu sukwaya ba.

Gwajin ba wuya. Yanka guntu biyu, ka kifa ɗaya, ka haɗa bakinsu a kan tebur. In akwai kuskure ninki biyu zai nuna maka, sai ka ɗan matsa katangar ka sake.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: kar ka jingina kan katako da doguwar katangar injin, wadda ake bi wajen tsaga katako ta tsawonsa, wai don awo yayin da kake yankan gicciye. Guntun na maƙalewa tsakaninta da faifai, injin ya harbo maka shi kamar jaki. In awo kake so, ɗaura ɗan guntu a doguwar katangar tun kafin bakin faifai, katakon ya taɓa shi ya wuce.

Faifai kuma mai haƙora 60 zuwa 80 ne na wannan aikin, mai 24 na tsaga ne, zai yayyage maka baki. In katakon ya yi tsawo ƙwarai, fara rage shi da zarton hannu ka bar ɗan rara, sannan ka kawo shi teburin ka gyara bakin.