Wuƙar da na ƙona ana jibi Sallah

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa wa maigidana makullin shago, bayan shekara 6 ina yi masa washi a bakin Babbar Kasuwar Katsina. Mun rabu lafiya, na yi godiya, ya sa min albarka. Sai dai akwai wata wuƙa guda da har yau take tsaye a raina.

Ana jibi Babbar Sallah ne, ina shekarata ta biyu. Duk wanda ya taɓa aikin nan ya san ranar: mahauta da masu tsire sun jibge wuƙaƙe da adduna, kowane magidanci da tasa naɗe a tsumma, ba wuta, janareta na shan mai. Sai ga wata Hajiya mai girkin biki daga wajen Ƙofar Ƙaura. Ta zaro wuƙa daga jaka, 'yar Jamus, mai baƙin mariƙi da ƙusa 3, ta ce shekara 10 tana aiki da ita kuma ko 'yan aikinta ba ta bari su taɓa. Na ce wa maigida wannan ta dutsen hannu ce, a bar min ita zuwa yamma. Ya ce, "Kai yaro, ba ka ga layi ba? Ɗora ta a inji." Na ce to bari in ɗebo ruwa a kwano. Ya ce ba mu da lokacin tsome-tsome.

Na ɗora. Tsinin wuƙa siriri ne, ba shi da kaurin da zai kwashe zafi. Tartsatsi na tashi na ga bakin ya yi ruwan ɗorawa, kafin in ɗaga hannu tsinin ya koma shuɗi. Wannan launi ba datti ba ne. Ƙarfe kan fara yin rawaya idan zafinsa ya haura digiri 200, shuɗi kuwa wajen digiri 300 ne, kuma a nan taurin da aka ba shi a masana'anta ya tafi ke nan. Maigida ya karɓa, ya goge shuɗin da sanfefa, ya miƙa mata.

Kwana 4 bayan Sallah ta dawo. Ba ta ɗaga murya ba. Tumatir guda ta ciro, ta ja wuƙar a kansa ta zame, ta danna ya fashe, ruwan ya bi teburi. Ta ce tun a cinyar ragon farko bakin ya lanƙwashe. Maigida ya dube ta a gaban mutane ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yaron nan ne ba ya jin magana, na ce ya sa ruwa ya ƙi." Ya yanke min kuɗin sati 3. Ban ce uffan ba, don a gidanmu ba a ƙaryata babba a bainar jama'a. Kuɗin na manta da su tuni, kallon da ta yi min ne ban manta ba.

Na roƙe ta ta bar min wuƙar. Dare 3 na yi a zaure ina cinye wurin da ya ƙone a dutse mai kaushi, lamba 400, ina yayyafa ruwa, har na isa lafiyayyen ƙarfe. Tsawonta ya ragu kamar faɗin yatsa. Sannan na koma dutse mai laushi, lamba 1000, na tsayar da hannu, na karkata wuƙar a kan dutsen a kusurwar kusan digiri 20 kowane gefe. A wannan wuƙa na fara gane ɗan siririn zaren ƙarfen da ke juyawa ɗaya gefen idan baki ya haɗu. In babban yatsanka bai ji shi daga gindi har tsini ba, ba ka gama ba, komai ƙyallin da ta yi. Na cire shi a fata. Da ta gwada ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ba ta sake kawo aiki shagon ba.

Sauran abubuwan na tsince su a hanya. Wuƙar Japan ta fi tauri, ana ba ta wajen digiri 15, kuma ƙashi na ɓantare ta. Sandar ƙarfen da mahauta ke gogawa miƙe baki kawai take yi, ba ta wasawa. Yawancin wuƙaƙen ɗakin girki ba nama ke dakushe su ba, yanka a kan tire da faranti ne, a nemi katako. Kuma mai layya ya kawo wuƙarsa da wuri. Hadisi na 17 a Arba'una ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, ba kuwa a gudu ake yin wannan ba.

Ga ƙannena da ke ƙarƙashin wani: idan aka hana ka ruwa, ka maimaita umarnin da ƙarfi, cikin ladabi, yadda mai wuƙar zai ji da kunnensa.

Na kama 'yar rumfa wajen Ƙofar Marusa, zan buɗe wata mai zuwa in Allah ya yarda. Ban sayi inji ba tukuna. Duwatsu 3 na saya, da fata, da bahon ruwa.