Ƙaramin jirgin ƙasan da ke kan teburina

Daren jiya, bayan wata uku ina fama, ƙaramin jirgin ƙasan da nake haɗawa ya zagaye layinsa bai sauka daga kan dogo ba. Alhamdulillahi. Na zauna ina kallonsa har dare ya raba.

Ma'aunin nawa HO ne, wato an rage komai sau 87, tsakanin ƙarafan dogon kuwa milimita 16.5 kacal. Ta cikin ƙarafan lantarki ke bi, shi ya sa 'yar ƙura ke tsayar da shi cak. Ita ta fi ba ni wahala.

Abin da ya ja ni tun farko shi ne kan jirgi mai tururi. A na gaske, kwal ake zuba wa wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura fistin, sanduna su juya ƙafafu. Komai a fili yake, ido na gani, ga shi yana huci kamar mai rai. Na zamani sun fi shi tsabta da sauri, na yarda, amma aikinsu a rufe yake. A 1938 wani jirgin tururi mai suna Mallard ya yi gudun kilomita 203 a awa a Ingila, kuma har yau ba jirgin tururin da ya karya wannan tarihi. A 1968 Birtaniya ta sallami jiragen tururi daga manyan layukanta.

Nawa ba ya huci, ba ya hayaƙi. Amma da na kashe wutar ɗaki na bar fitilarsa kaɗai, wallahi sai da zuciyata ta motsa. Yanzu gada nake so in gina masa.